Shuɗi Mai Duhu a Ɗakin Girki: Sharhi a kan Wani Yayin Fenti da Sunansa

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala ziyara ce da na kai wa wata 'yar ƙanwata a Kano, wata biyu bayan tarewarta, cikin Janairu, hunturu yana tsakiyar kaɗawa. Na tafi tare da kakarta. Bayan an gaisa an sha ruwa, amarya ta zaga da mu cikin gida har muka isa ɗakin girki. Ɗakin bai fi mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo ba, tagarsa ɗaya ce ƙarama, tana fuskantar katangar maƙwabta. Kabad na sama da na ƙasa, da bango tun daga daɓe har rufi, duk an shafe su da fenti shuɗi mai duhu. Da hantsi ne, amma da yake babu wutar lantarki, sai da ta kunna fitilar wayarta sa'an nan muka ga jeren tukwanenta.

Na tambaye ta sunan launin. Ta ce, "Kawu, ai nebi bulu ne, shi ake yayi yanzu." Tsohuwa kuwa ta shafa bango, ta dubi tafin hannunta ko ya rine, sa'an nan ta ce, "Ikon Allah! Turkudi aka yi wa bango, sai dai ba a kai shi mabuga ba."

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan yayi zuwa inda ya fito, a auna hujjojin da masu tallarsa ke bayarwa, sa'an nan a gwada su da abin da Bahaushe ya daɗe da sani game da wannan launi. A ganina maganar tsohuwar nan ta ƙunshi hukuncin da ya dace, kuma shi zan yi ƙoƙarin warwarewa.

2.0 Asalin Yayin

Wannan yayi ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba. Gidansa Ingila da Amurka ne, kuma ya bunƙasa ne cikin shekarun 2010. Kafin sa'an nan farin kabad ne ya mamaye ɗakunan girkinsu, daga baya ruwan toka ya shigo, sa'an nan shuɗi mai duhu ya biyo baya. Kamfanonin fenti suna da hannu ƙwarai a cikin al'amarin. Alal misali, kamfanin Farrow & Ball, wanda John Farrow da Richard Ball suka kafa a gundumar Dorset cikin 1946, ya shahara da wasu shuɗɗa guda biyu. Na farko shi ne Hague Blue, wanda aka raɗa wa sunan birnin Heg saboda irin fentin da mutanen Holan ke yi wa katakon gidajensu. Na biyu shi ne Stiffkey Blue, wanda ya ci sunan wani ƙauye na gaɓar teku a Norfolk, inda taɓon wurin yake da irin wannan launi. A Amurka kuwa kamfanin Benjamin Moore yana da Hale Navy, kamfanin Sherwin-Williams yana da Naval. Yayin ya kai ƙololuwa a 2020, shekarar da Sherwin-Williams ya zaɓi Naval a matsayin launin shekara, kamfanin Pantone kuma ya zaɓi wani shuɗi mai suna Classic Blue.

Ya kamata mai karatu ya lura da abubuwa biyu game da gidajen da wannan launi ya samu karɓuwa a cikinsu. Na ɗaya, ɗakin girki a gidan mai matsakaicin hali na Ingila ko Amurka ya daɗe da tashi daga wurin dahuwa kurum, ya zama wurin cin abinci da hira da karɓar baƙi. Sau da yawa akan rushe bangon da ya raba shi da falo, a yi masa manyan ƙofofin gilashi masu duban lambu, wani lokaci har a huda rufi a sa gilashi. Na biyu, ba a cika barin shuɗin shi kaɗai ba. Akan ɗora wa kabad farin dutse a bisa, a sa masa mariƙai na tagulla, a jera fitilu a ƙarƙashinsa, kuma wutar ba ta ɗaukewa. A cikin irin wannan hali ake ɗaukar hotunan da suka watsu ta Instagram da Pinterest, dandalin hotuna biyu da aka buɗe a 2010, har suka iso wayoyin 'ya'yanmu.

Shuɗi a ɗakin girkin Turai ba sabon abu ba ne. A 1926 wata masaniyar zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wani ɗan ɗakin girki domin gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus, aka gina wajen 10,000 irinsa. Girmansa mita 1.9 ne da mita 3.4, watau kusan ɗaya da na amaryarmu. An yi wa kabad ɗinsa shuɗin fenti saboda a lokacin an ɗauka ƙuda ba ya son sauka a kan shuɗi. Wannan hujja ba ta hau kan kowane ƙwaro ba, domin a yau da shuɗin ƙyalle ake haɗa tarkon tsando a ƙasashen Afirka, saboda launin yana jawo shi. Amma duk da haka akwai abin koyi a aikinta. Ta fara ne daga mai girki: ta auna takunta da miƙa hannunta, ta sa taga a ƙarshen ɗaki, ta rataya fitila mai matsawa zuwa inda ake aiki. Yayin yau kuwa daga hoto ya faro, kuma wannan bambanci shi ne tushen sauran matsalolin.

3.0 Hujjojin Masu Yayin

Wanda ya bi mujallun adon gida da tallace-tallacen fenti zai tarar hujjojinsu ba su wuce huɗu ba. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

3.1 Hujja ta farko ita ce wai launi ne da ba ya tsufa. Wannan magana masu ita ne suka fara rushe ta. Shekara biyu kacal bayan 2020, watau a 2022, Sherwin-Williams ya koma ya zaɓi Evergreen Fog, Benjamin Moore ya zaɓi October Mist, dukkansu tsanwa mai ratsin toka. Kamfanin da ke naɗa launin shekara kowace shekara ba shi ne zai yi wa mutum alkawarin dawwama ba, domin cinikinsa ya dogara ne a kan a gaji da na bara. Haka aka yi a Amurka cikin shekarun 1970, sa'ad da tsanwa irin ta ɗan itacen afokado ta cika ɗakunan girki, daga baya ta zama abin dariya.

3.2 Hujja ta biyu ita ce wai yana tafiya da kowane launi. A nan akwai ƙamshin gaskiya. Shuɗi mai duhu yakan zauna daram kusa da fari, da tagulla, da katako. Sai dai launi ba ya rayuwa shi kaɗai, bawan haske ne. A ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa shuɗin yakan mutu ya koma baƙi, domin irin wannan haske ba shi da shuɗi mai yawa da bango zai mayar wa ido. A ƙarƙashin farin ƙwai mai kashe ido kuwa yakan yi sanyi, ɗakin ya rasa armashi. Saboda haka abin da aka gani a waya da abin da za a gani a bango ba lalle su zama ɗaya ba.

3.3 Hujja ta uku ita ce wai duhun launi yana ɓoye kusurwoyin ƙaramin ɗaki, ya sa a ji kamar yana da zurfi. Wannan gaskiya ne a ɗakin da ake zama a huta, kamar ɗakin karatu ko wurin cin abincin dare. Amma ɗakin girki wurin aiki ne. A nan ake tsince wake da shinkafa, a nan ake riƙe wuƙa, a nan ake duban miya a san ko manja ya soyu. Masu yin fenti suna da ma'auni daga 0 zuwa 100 na yawan hasken da launi ke mayarwa. Farin fenti yakan mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, su kuwa waɗannan shuɗɗa da aka ambata ba su wuce wajen kashi 10 ba. Watau ɗan hasken da ya samu ya shigo ta ƙaramar taga, bango ya haɗiye tara cikin goma. Mutumin Landan, wanda yininsa na Disamba bai cika awa 8 ba, yana biyan wannan bashi da fitilar da ba ta mutuwa. Mutumin Kano yana da rana ta fiye da awa 11 ko a tsakiyar hunturu, amma ya ƙanƙanta taga saboda zafi da ƙura da tsaro, kuma ba shi da tabbacin wuta. Ke nan ya toshe hasken da Allah ya ba shi kyauta, ya dogara ga wanda ba ya hannunsa.

3.4 Hujja ta huɗu ita ce wai yana ɓoye dauɗa. Abin tambaya shi ne, wace irin dauɗa? Launi mai duhu yana ɓoye baƙar dauɗa, amma yana tona fara. Garin tuwo, da fulawa, da sawun ruwa in ya bushe, da shatin yatsu masu maiƙo, duk sukan fito ɓaro-ɓaro a kansa, musamman in fentin marar ƙyalli ne, wanda in an goge shi da ƙarfi yakan bar tabo. A nan ƙasarmu kuma akwai ƙarin wata dauɗa da Ingila ba ta sani ba. Tun daga wajen Nuwamba har Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Sahara, galibinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ƙurar fara-fara ce. Kabad ɗin da aka goge da safe, kafin la'asar ya yi furfura. Daɗin daɗawa, in ba a yi wa katako shimfiɗar fenti ruwan toka ba kafin a hau da shuɗin sau biyu ko uku, ƙaramin ƙarzo ya isa ya fito da farin da ke ƙasa.

Daga cikin hujjojin nan huɗu, ta farko ta faɗi, sauran uku kuwa suna da sharuɗɗa. Sharuɗɗan nan su ne ba su biyo hoto zuwa ƙasarmu ba, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

4.0 Abin da Bahaushe Ya Sani Game da Shuɗi

Kada a ɗauka ina nufin launin baƙo ne a gare mu. Da wuya a sami al'ummar da ta fi Hausawa sanin shuɗi mai duhu. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, shaida ce. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda rinannun tufafin birnin da ƙauyukansa ke kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Garin Kura kuwa har sunansa ya bi rawanin da ake kira ɗan kura. Wannan sana'a ta riga babar kanti, wadda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, da ɗaruruwan shekaru.

Marini yakan zuba baba da toka da katsi cikin karofi, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa. In ya tsoma zane ya ɗaga, zanen yakan fito tsanwa-tsanwa, sai iska ta buge shi sa'an nan ya juye shuɗi. Gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhun launi, har a ce rini ya turu. To, amma aikin bai ƙare a nan ba. Zanen da ya turu haka, in aka bar shi, dishi-dishi yake. Sai an kai shi mabuga, an barbaɗa masa shuni, an ɗora shi bisa gungume an yi ta dukansa, sa'an nan yake ɗaukar sheƙi mai walƙiya kamar jan ƙarfe. Wannan shi ne turkudin da Buzaye ke naɗawa har ya rina musu fata, shi ne kuma abin da tsohuwa ta nema a tafin hannunta.

Ana iya fitar da ka'idoji uku daga wannan sana'a. Ta farko, shuɗi mai duhu ba ya cika sai da sheƙi, domin sheƙin ne ke dawo da hasken da launin ya haɗiye. Ta biyu, a fili ake sa shi, ƙarƙashin rana, ranar salla ko hawa ko kasuwa. Ta uku, ana haɗa shi da fari: ɗan kura bisa farar riga, ko saƙi, inda masaƙi ke ratsa farin zare cikin baƙi har ya yi kama da jikin zabo. Fentin amaryarmu ya saɓa wa duka ukun: ba sheƙi, ba rana, ba fari.

Ta fuskar gini kuma, abin da magina suka ɗauko daga marina shi ne katsi, watau dagwalon gindin karofi da aka ƙone, wanda suke haɗawa da gashin jima da dafara su yi laso domin kare gini daga ruwa. Ƙarfi suka nema a wurinsa. Ɗakin mace kuwa farar ƙasa ake shafa masa, domin tasoshi da fantekoki da kwallayen jere su haska. Madafi na gargajiya lalle baƙi ne, amma kunkunniya ce ta baƙanta shi, ba don ana so ba, kuma shi ya sa in ba damina ba iyayenmu mata suka fi son hura wuta a tsakar gida, inda ido ke ganin abin da hannu ke yi. Yanzu da gas ya raba 'ya'yansu da hayaƙi, bai kamata a sayo musu duhun cikin gwangwani ba.

5.0 Matsalar Suna

Saura maganar suna, wadda ita ce ta fi shafar masu karanta wannan mujalla. A ɗaki ɗaya, jika ta ce nebi bulu, kaka ta ce turkudi. Wanda ya duba ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai ga cewa Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Akwai shuɗi, da shuɗiya, da shuɗɗa. Akwai baba, tsiron, da shuni, abin da aka sarrafa daga gare shi. Zanen da ya turu sosai baƙi ake ce masa, ko da yake ido ya san ba baƙin gawayi ba ne. Kalmar kore ma, wadda yaran yau suka sani da ma'anar tsanwa kaɗai, sunan riga ce rinanniya bugaggiya.

Bugu da ƙari, Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa launi suna, watau a ɗauki kalmar ruwa a jingina ta ga abin da kowa ya sani: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan makuba, ruwan hanta, ruwan zuma. Wannan hanya tana da rai har yau, domin ta karɓi baƙin abubuwa ta ba mu ruwan hoda, da ruwan bula, da ruwan omo. In an lura, abin da Farrow & Ball ya yi ke nan da ya jingina fentinsa ga taɓon Norfolk. Bature ya dubi abin da ke ƙasarsa ya yi suna da shi, sunan ya zama rabin tallar.

Ba aron kalma nake ƙi ba. Fenti da kabad da bula duk aro ne, kuma sun zauna. Amma akan yi aro ne in babu. Shi wannan nebi sunan rundunar jiragen ruwan yaƙin Ingila ne, wadda hafsoshinta suka fara sa tufafi iri ɗaya masu wannan launi a 1748, kuma da baba ake rina tufafin nan. Ashe ke nan launin karofi ne ya zaga duniya ya dawo mana da sunan sojan wata ƙasa. Shawarata ita ce a kira shi ruwan shuni, a bar ruwan bula ga shuɗi mai haske. Amfanin wannan ya wuce kishin harshe. Wadda ta ji an ce ruwan shuni za ta iya tambayar kakarta yadda ake sarrafa shi, ta ji labarin bugu da sheƙi da fari. Wadda ta ji nebi bulu ba ta da wanda za ta tambaya sai waya.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, hukuncin da wannan maƙala ta kai gare shi shi ne: launin ba shi da laifi, yadda aka ɗauko shi ne da gyara. Wanda ke son shuɗi mai duhu a ɗakin girki, ya tsayar da shi a kabad na ƙasa, ya bar bango da rufi da kabad na sama farare. Ya zaɓi fenti mai ɗan sheƙi, wanda ke jure guga. Kafin ya sayi gwangwani, ya shafa wa ɗan allo ya jingine shi cikin ɗakin na mako guda, ya dube shi da safe da la'asar, da wuta da babu wuta. In tagar ƙarama ce, ya haƙura, ya kai launin falo ko wani ɗaki mai yalwar haske. Mafi muhimmanci, a shawarci wadda za ta tsaya gaban tukunya, domin sau da yawa masu zaɓen fentin gidan amarya ba su ne za su yi girki a cikinsa ba.

Ita dai 'yar ƙanwata, kafin damina ta sauka an sake kiran mai fenti. Sai da ya hau bango sau uku kafin fari ya rufe shuɗin, aka biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu. An bar mata kabad na ƙasa yadda suke, kuma yanzu sun fi dā kyau.

Daga ƙarshe, ina kira ga ɗalibai da malaman sassan Hausa na jami'o'inmu da su je marinai da mabuga na Kano da Kura da Zariya da Damagaram, su tattara kalmomin rini da na matakan shuɗi daga bakin tsofaffin masu sana'ar tun suna raye. Allah ya sa mu dace.